Asusun Ɗantata: Musayar Baitoci

Baba Mai Goro

Assalamu alaikum. Jiya jikana ya tambaye ni yadda mutum ke tashi daga babu. Na ce bari in kawo zancen gaban jama'a, mu yi shi da baiti. Misalina Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Babban amsa-amo "wa" ne, kowa ya riƙe.

Bismillahi da shi na fara,
Sarkin da ke ba wanda ya tara,
Yakan ba wanda bai da ko kara,
Ku matso mu yi zancen rayuwa.

A Bebeji aka haifi yaro,
Ubansa falke mai safarar goro,
Mutuwa ta ɗauke shi, ba ta tsoro,
Ya bar maraya cikin fatake Agalawa.

Uwa ta yi Ankarar Gana, ta bar ɗanta,
A hannun tsohuwa mai suna Tata,
Daga nan ya samo sunan Ɗantata,
Alhasan da ya zam sananne ga kowa.

Asusu ne darasinsa na fari,
In ya sami wuri ya jefa da wuri,
Yana cin riba, ba ya taɓa jari,
Ƙa'idata ke nan, a iya tarawa.

Ɗan Kwari

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A yi mini afuwa, abin na cina ne.

Baba, zancenka duk na ji shi,
Amma asusuna na fasa shi,
Kuɗin bara da na tara cikinshi,
Bana ko buhu ba sa sayowa.

Shekara bakwai ina yaron shago,
Dakon atamfa nake, ban zam raggo,
Kalacina gyaɗa da rogo,
Har yau sallama ba ta zuwa.

Ku ce mini wace ƙa'ida na bari?
Na riƙe amana, ban taɓa jari,
Ɗan maigida shi ke hawa da sauri,
Ni ko tsani ban gani na hawa.

Inna Mai Adashe

Ɗana, share hawayenka, ina zuwa kanka. Amma tukuna sai na yi da Baba, don ku maza in kun tashi yabo kanku kawai kuke gani.

Kun yabi ɗa kun mance Tata,
Ba ita ta haifa ba, ta mai da shi nata,
Sunan da ya cika duniya sunanta,
Baiwa ce ta zame masa baiwa.

Da kaskon ƙosai na fara sana'a,
Adashe nake zubi duk Juma'a,
Ban taɓa makara ko da sa'a,
Kwasar farko na sai tukunya sabuwa.

Kuɗi a asusu barci yake yi,
A sa shi a kaya ya san abin yi,
Da ka fasa naka ba laifi ka yi,
Laifin a bar shi yana ruɓewa.

Na Zango

Gaisuwa daga Kumasi. Goro ne ya kawo kakannina ƙasar nan, don haka ina da ta cewa. Baba ya tsaya a kan asusu, Inna a kan juya kuɗi, ni kuwa abin da ya fi burge ni ga mutumin nan idonsa ne.

Ayarin Gwanja watanni a hanya,
Jaki na nishi da nauyin kaya,
Goro na bushewa tun daga baya,
Kafin Kano an sha wuya da yunwa.

Shi ko Alhasan ya duba teku,
Ya ga hanyar ruwa ta fi ta taku,
Wannan darasi na ajiye muku,
Daga Ankara jirgi, Ikko saukewa.

Da aka buɗe layin dogo zuwa Kano a 1912, kasuwa ta sake lale, shi ma ya sake.

Da dogo ya zo Kano bai tsaya ba,
Bai ce goro kaɗai na gada ba,
Bai raina gyaɗar manoma ba,
Har ta zam dala, abin kallon kowa.

Mai Digiri

Manya ku gafarce ni, zan ɗan sa baki. Labarin da daɗi, amma kada mu sa wa Ɗan Kwari rai da abin da ba haka yake ba.

Ku yi haƙuri, manya, in yi gyara,
Ba daga babu Alhasan ya fara,
Uwa 'yar kasuwa ce a Ankara,
Danginsa fatake ne Agalawa.

Turawan kamfani sun ba shi bashi,
Shi ma ya raba wa yaran gidanshi,
Su shiga ƙauye su sayo su kai mishi,
Ba mai hawa sai da mai ɗagawa.

Kwalin digirina yana akwati,
Na sha yawon neman aikin gwamnati,
Yau gyaran waya nake gefen titi,
Ogana ko baƙi ba ya karantawa.

Shi ya koya mini komai, kuma da na tsaya girman kai da har yanzu ina zagayen ofisoshi da fayil a hammata.

Baba Mai Goro

Ɗan boko ya kama ni, kuma ban ji haushi ba. Sai dai ya bar rabin zancen a ƙasa.

Ɗan boko, gyaranka na karɓa,
Amma bashi ba kowa ake ba,
Sai wanda aka auna bai cuta ba,
Agalawa nawa suka bi mantuwa?

Har yau Kanawa na ba da labarin abin da ya kai bankin Turawa a 1929.

Raƙumi ashirin, azurfa zalla,
Ya kai banki, kowa ya kalla,
Wurin asusun nan ne, wallah,
Ya yi ta haihuwa yana ƙaruwa.

Kai kuma Ɗan Kwari, haƙuri da iyaka,
Nemi dattijo biyu a layinka,
Su zauna da maigida kan batunka,
A tsai da rana gaban idon kowa.

Ɗan Kwari

Na gode, Baba. Dama nauyin baki ne ya hana ni tuntuni.

Baba, shawararka ta ishe ni,
Gobe zan sami masu raka ni,
In ya ce ba zai sallame ni,
Inna, a ban hannu a adashe mai zuwa.

Inna Mai Adashe

Na ajiye maka hannu ɗaya, amma ka ji sharaɗina tun yanzu.

Zubi Juma'a ne bayan la'asar,
Kar ka zo mini da shi Asabar,
Sabon shiga shi ne ƙarshen kwasar,
In ka yarda, ɗana, sai ka yi zuwa.