Fatar birki da faifan da suka dace da motar da ke jan tirela

Mai Hilux, Zengou:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina jan tankin ruwa na lita 1,000 a kan ƙaramar tirela zuwa gonata da ke hanyar Mirriah, kuma tun da zafin watan Afrilu ya kankama, ƙafafun gaba suke warin ƙuna, birkin ma sai na danna shi har ƙasa kafin ya kama. Lokacin sauya fata da faifai ya yi, don haka ina roƙon waɗanda suka daɗe suna jan kaya su faɗa mini abin da suka gani da idonsu.

Direban hanyar Tanout:
Wa alaikumus salam. Na yi aiki da fata iri biyu a Land Cruiser tsakanin Damagaram da Agadez. Ta siramik ba ta ƙara, ba ta baƙanta ƙafa da ƙura, amma da kaya suka yi nauyi kuma na taka birki a jere wajen kauce wa ramuka, sai na ji riƙonta yana raguwa. Fatar da aka haɗa da garin ƙarfe ita ce ta jure mini zafi, ko da yake tana kuka da safe kuma tana cin faifai da sauri. A ganina wannan ciniki ne mai kyau, domin faifai ana sayen wani, rai kuwa ba a sayensa.

Makanike, Sabon Gari:
Malam, abin da ka kwatanta ciwo biyu ne. Warin daga fata yake, amma nutsewar birki yawanci daga man birki take, domin man yana tsotsar danshi a hankali, kuma idan ya tafasa sai tururi ya cika bututu, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Sabon man birki nau'in DOT 3 yana jure zafin aƙalla digiri 205 kafin ya tafasa, nau'in DOT 4 kuma 230, amma idan sun sha ruwa sukan sauko wajen 140 da 155. Ka zuba DOT 4, ka riƙa sauya shi duk shekara biyu.

Game da faifai, ina ƙin masu huji-huji ƙwarai. Na cire wani daga motar mai jan injin niƙa, na wanke shi da fetur, sai ga tsaga siririya kamar gashi ta fito daga bakin kusan kowane rami, ramukan kuma cike da rairayi. Ka ɗauki faifai mai santsi wanda yake da hanyar iska a tsakiyarsa. A jikin kowane faifai an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, saboda haka a auna kafin a kai shi gogewa, domin faifan da ya sirance ba ya ɗaukar zafi. Kada kuma a manta da gangar birkin ƙafafun baya. Idan ba a daidaita ta ba, duk nauyin tsayawa kan gaba yake komawa.

Alhaji mai kiwo, Matameye:
Ɗana, ruwan kaɗai kilo 1,000 ne, ba a lissafa tanki da ƙarfen tirela ba, alhali littafin Hilux ya ƙayyade kilo 750 ga tirelar da ba ta da birkin kanta. Ni ma shanu nake ja zuwa kasuwa, kuma ban samu kwanciyar hankali ba sai da na sa wa tirelata birkin da yake kamawa da kansa idan ta turo mota daga baya. A gangara kuma giya nake saukewa, in bar inji ya riƙe.

Direban hanyar Tanout:
Alhaji ya faɗi gaskiya. Zan ƙara cewa jabu ya yi yawa, har a cikin kwali mai kyau; na taɓa ganin fatar da ta ɓamɓare daga ƙarfenta gaba ɗaya. A duba alamar ECE R90, wato shaidar ingancin kayan birki ta Turai, a kwali da bayan fatar, sannan bayan an ɗaura, a fita hanya babu tirela, a riƙa rage gudu daga kilomita 60 a awa zuwa 10 sau kamar goma ba tare da tsayawa cak ba, don fatar ta zauna a kan faifai.

Mai Hilux, Zengou:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan riƙa ɗibar rabin tanki har a haɗa birkin tirelar. Maigida makanike, gobe da safe zan kawo motar a fara auna faifan.