Oseltamivir ko baloxavir: wanne ya fi wa baligi a farkon infuluwenza?

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga likitoci da masu haɗa magunguna. Idan aka tabbatar baligi ya kamu da infuluwenza, wato murar nan mai zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki, kuma bai wuce kwana biyu da farawa ba, wanne ya fi dacewa tsakanin oseltamivir da baloxavir? Shin sabon, wato baloxavir, ya fi tsohon aiki ne, ko kuwa sauƙin sha kawai ya fi shi?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam, Malama. A wajen rage kwanakin ciwo kusan ɗaya suke. Wani gwajin magani mai suna CAPSTONE-1 da aka wallafa a 2018 ya nuna waɗanda suka sha baloxavir sun samu sauƙi cikin kusan awa 54, masu shan ƙwayar da ba magani a cikinta kuma sai da suka kai awa 80, amma da aka kwatanta shi da oseltamivir ba a ga wata tazara ba. Inda baloxavir ya yi fice shi ne saurin rage yawan ƙwayar cutar a jiki, sannan sau ɗaya ake shansa, miligiram 40 ga wanda nauyinsa bai kai kilo 80 ba, miligiram 80 ga wanda ya kai. Oseltamivir kuwa miligiram 75 ne safe da yamma har kwana biyar, kuma yakan sa tashin zuciya da amai, shi ya sa ake so a sha shi bayan an ci abinci.

Inna Rabi:
Ɗan'uwa ya yi bayani, sai dai ni a ganina halin majinyacin ne ke zaɓar maganin. Mai juna biyu oseltamivir ake ba ta, domin tun 1999 ake amfani da shi, an kuma tara sani mai yawa game da shi; haka ma wanda ciwon ya tsananta har aka kwantar da shi, ko da ya wuce awa 48. Mai ciwon ƙoda ana rage masa yawan oseltamivir. Baloxavir ba a haɗa shi da madara, ko maganin ƙwannafi, ko ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, saboda suna hana hanji tsotse shi. Akwai kuma damuwa cewa a wajen kusan mutum ɗaya cikin goma da suka sha baloxavir a gwajin nan, ƙwayar cutar ta sauya ta rage jin maganin.

Abu Safwan:
Haka ne, Hajiya. Zanamivir da ake shaƙa ma yana nan, amma ba a ba mai asma domin yana iya toshe masa numfashi. Amantadine kuwa an daina amfani da shi wajen infuluwenza, cutar ta riga ta bijire masa. A nan ƙasar tamu kuma, a fara gwada jinin mai zazzaɓi don maleriya kafin a ce infuluwenza ce.