Allurar da ke ginin rijiya: ƙarfafa gwiwa ce ko kashedi?

'Yar Arkilla:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Karin maganar da na kawo yau sananniya ce: "Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya." Ina roƙon masana su warware mini inda ya dace a yi ta, domin kwanan nan an yi mini ita har ta fara yi mini nauyi.

Ina cikin masu yin Inktober bana. Ga wanda bai san shi ba, wani mai zane ɗan Amurka, Jake Parker, ya fara shi a 2009 don ya gyara hannunsa wajen zane da tawada: zane 31 a kwana 31 na watan Oktoba. Daga 2016 aka fara fitar da jerin kalmomi, kowace rana da tata, ka zana abin da kalmar ta kawo maka a rai ka saka a intanet. Ni ba na zana mai rai, don haka kowace kalma sai na juya ta har ta zama ƙofa, ko tulu, ko kwalekwale a bakin gulbin Rima, kuma wannan kaɗai yana cinye lokaci. Ga karatu da rana, ga aikin gida, sai bayan isha'i nake zama, sau da yawa da fitilar waya in an ɗauke wuta. Yanzu gindin babban yatsana zugi yake yi, barci ya ragu, kuma da na ga littafin zanen sai gabana ya faɗi. Duk wanda na gaya wa sai ya ce in daure, ai yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Shin haka Bahaushe yake nufi, ko an ɗora wa maganar kayan da ba nata ba?

Kawu na Madunka:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Ni da allura da basilla munka girma, bari in hwaɗa miki abin da nis sani. Wagga magana rijiya guda ta ambata. Ba ta ce allura ta gina rijiya yau ta gina wata gobe ba. Ke kuwa abin da kike yi, kullum sai kin haƙa kin kai ga ruwa, kuma kin kira mutane sun leƙa sun yaba, kana ki kwanta. Tumtum na jar hwata da kuke gani ana saye a kai Kano da Legas, ranar yanka daban, ranar zane daban, ranar ɗumki daban, kuma akwai ranar da ba a taɓa shi sam, sai rini ya sha iska. Ba mu taɓa jin kunya ba don dare ya yi aiki bai ƙare ba. Masu yi miki karin maganar nan sun manta da ƙanƙantar allura.

Ɗan Mabera:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. Na yi wannan abin bara har ƙarshe, kuma ranakun da na zauna ba na so su ne suka fi koya mini. Da can sai na ɓata rabin awa ina tsoron ɗora alƙalami a kan takarda saboda tawada ba ta goguwa. Tilascin kullum ne ya kashe mini wannan tsoron. Abin da na gani ga abokaina shi ne hutun kwana ɗaya ke haifar na mako, daga nan sai a ce sai baɗi. Allurar da aka ajiye a cikin gwangwani ba ta gina komai. 'Yar uwa, gajiya gaskiya ce, amma ina tsoron mu mayar da karin magana matashin kai.

Malamin Hausa, Runjin Sambo:
Kun taɓo wuri mai daɗi, ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Da farko mu duba waye mai aiki a cikin jimlar. Ba allura ba ce. Yau da gobe ce ke sawa, allura sawa aka yi. Bahaushe yana magana ne a kan ƙarfin zamani, yadda ƙaramin abu in ya samu tsawon lokaci yake barin babbar alama. Ku jera ta da 'yan uwanta za ku gani: "Yau da gobe ba ta bar komai ba." "Yau da gobe sai Allah." "Yau da gobe ƙaryar boka." Babu ɗaya a cikinsu da ke nufin kullum ba fashi. Wanda ya ce yau da gobe ta cinye igiyar guga ba yana rantsuwa ba ne cewa ba a taɓa tsallake rana ba a jawo ruwa. Shekaru yake nufi.

Na biyu, kuma nan ne na fi so 'yarmu ta tsaya: a bakin tsofaffi maganar nan fuska biyu gare ta. Na ji an yi wa mai zubin adashe ita, don ta daure da 'yan kuɗin da take sakawa. Na kuma ji an yi wa magidancin da ke ɗibar dami ɗaya ɗaya daga rumbu yana sayarwa tun kaka, yana cewa ai kaɗan ne. Shi wannan ba yabo ake yi masa ba, jan kunne ne: abin da ka raina zai yi maka rami. To ke 'yata, akwai allura biyu a zancenki. Akwai zanen da kike yi, akwai kuma awa biyun da kike yankewa daga barcinki da zugin da ke gindin yatsanki. Ita ma wannan ta biyun gini take yi, kuma a jikinki take yi. Waɗanda suka yi miki karin maganar sun ɗauki fuska ɗaya suka bar ɗayar.

Ɗan Mabera bai yi kuskure ba da ya ce ajiyayyar allura ba ta gini. Sai dai maganar ba ta ƙayyade wata guda ba. Wa'adin kwana 31 na masu gasar ne, ba na Bahaushe ba.

Anti Nas:
Malam ya gama magana ta fuskar harshe, ni bari in sa baki ta fuskar aikina. Ƙanwata, abu biyu kika faɗa kuma kowanne da hukuncinsa.

Hannu tukuna. Riƙe siririn alƙalami da ƙarfi na tsawon lokaci, musamman wajen jera ƙananan layuka don yin inuwa, yana gajiyar da jijiyoyin babban yatsa da wuyan hannu. Ki naɗa wa alƙalamin ƙyalle ko filasta ya yi kauri, ki riƙa sakin hannu kina miƙe yatsu. In kika fara jin dindiris a babban yatsa da manuni da na tsakiya, ko ciwon ya tashe ki cikin dare, to ya wuce a daure, ki je a duba. Ido kuma, likitocin ido suna ba da shawarar duk bayan minti 20 a ɗaga kai a dubi abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Zane da fitilar waya a cikin duhu wahala ce ga ido da wuya duka.

Sai faɗuwar gaba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar nan da ke zuwa daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ba ta kira ta cuta ba, kuma a kan aikin sana'a ta yi magana, amma alamomi ukun da ta lissafa duk mai irin halinki zai gane su: ƙarewar kuzari, jin zuciya ta yi nisa da aikin ko ta tsane shi, da raguwar abin da mutum ke iya fitarwa. Ta biyun ce ta fi damuna a zancenki, domin ba don ki tsani zane kika shiga ba. In kuma ƙuncin ya bazu zuwa sauran rayuwa, ba cin abinci, ba barci, ba sha'awar komai har mako biyu ko fiye, wannan kuma wani batu ne, a ga likita. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan Kware, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Gardin Gidan Igwai:
Allah shi saka, Anti. Ni abin da zan ƙara daga tsangaya ne. Babu aikin yau da gobe da ya kai haddar Alƙur'ani, kullum a wanke allo a rubuta, amma duk da haka daga yammacin Laraba ake tashi, Alhamis hutu, sai bayan an sauko Juma'a a koma. Magabata da suka tsara haka ba ragwaye ba ne. Masu rubuta Alƙur'ani da ka, da masu zayyana, watanni suke ɗauka, kuma kowa ya san in ido ya yi nauyi ajiye alƙalami ake yi, don kuskure ɗaya na iya ɓata warƙa. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim ya ce mafi soyuwar ayyuka a wurin Allah shi ne mafi ɗorewa.

Ɗan Mabera:
To ai Malam Gardi ka kawo mini hujja. Mafi ɗorewa. Ba yi yau a bari gobe ba.

Gardin Gidan Igwai:
Ƙarasa shi ɗan uwa: ko da kaɗan ne. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi yin azumi kullum da tsayuwar dare duka, ya ce masa jikinka yana da haƙƙi a kanka, idonka yana da haƙƙi a kanka. In ibada aka ce a sassauta don ta ɗore, ina ga zane?

Mai Biro, Tudun Wada:
Ina bin ku tun ɗazu. Akwai abin da ba a faɗa ba: shi kansa wanda ya ƙirƙiro abin bai ce dole kullum ba. A ƙa'idojinsa ya ce mutum na iya yin rana ɗaya ya tsallake ɗaya, ko ma sau ɗaya a mako, in dai zai riƙe abin da ya zaɓa. A 2020 ma aka fito da Inktober52, zane ɗaya duk mako har shekara ta zagayo. Kalmomin kuma ba farilla ba ne. Mu ne muka ƙara wa kanmu kaya da muka ga waɗanda zane ne sana'arsu suna saka aikin yini guda a Instagram, muka ce sai mun kamo su da awa biyun dare.

Ga yadda nake yi. Ina yanka takarda ta zama kamar tafin hannu, don kada ta ba ni filin da zan cika. Ina zama bayan asuba kafin zafi ya taso, domin zafin Oktoba na Sakkwato, bayan damina ta ɗauke hunturu bai shigo ba, gumi yake sa gefen hannu ya manne da takarda ya kwashe tawada. Ina sa wata 'yar takarda ƙarƙashin hannun. In shayi ya huce na sha, zane ya ƙare, ko ya yi kyau ko bai yi ba. Kuma tun a Satumba ake fitar da kalmomin, sai in zana ƙwarangwal ɗinsu da fensir tun lokacin, ba a fafe gora ranar tafiya. Sakawa a intanet kuwa ranar Asabar nake tara na mako in saka gaba ɗaya. Rabin gajiyar ba daga zanen take ba, daga ɗaukar hoto, gyara haske, rubuta bayani da komawa ana duba wa ya danna wa bai danna ba take.

'Yar Arkilla:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kawu, maganar rijiya guda ta shige ni. Akwai ƙofar wani tsohon zaure kusa da Hubbare da na daɗe ina son zanawa da duk ƙusoshinta da sassaƙarta, kullum ina cewa ba za ta yiwu a dare ɗaya ba. Ita zan ɗauka, in riƙa yin yanki yanki da safe har ƙarshen wata, Alhamis da Juma'a in bar hannun ya huta. Yaya Ɗan Mabera, na san za ka ce wannan ba Inktober ba ne.

Ɗan Mabera:
Zan ce, amma ba zan hana ba. Har yanzu ina ganin wanda hannunsa lafiya lau ya kamata ya gwada kwana 31 ɗin ko sau ɗaya a rayuwarsa, kuma ban yarda fuskar jan kunne ta fi ta ƙarfafa gwiwa yawa a bakin mutane ba, Malam ya yi haƙuri. Ke dai hannunki ya yi magana, naki daban ne. Tsorona ɗaya shi ne safiyar Asabar. In kin yarda, ki turo mana hoton ƙofar nan ranar, ko layi uku kika ƙara.

Anti Nas:
Ta turo in hannun ya lafa. In bai lafa ba zuwa Asabar ɗin, asibiti za ta fara zuwa, kuma ƙanwata ki tafi da alƙalamin da kike amfani da shi, a ga yadda kike riƙe shi.