Idan jami'in ƙasa ya ce sauko, na'ura ta ce hau sama, wa matuƙi zai bi?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana yawan jin labarin cewa saura ƙiris jirage biyu su yi karo a sararin samaniya, kuma sau da yawa sai a ce na'urar gargaɗi ce ta raba su. Ina roƙon masana su fayyace mini tazarar da doka ta ce a bari tsakanin jirgi da jirgi. Sannan idan jami'in kula da zirga-zirgar jirage ya ba da umarni daga ƙasa, na'urar cikin jirgi kuma ta faɗi akasinsa, maganar wa matuƙi zai ɗauka? A ganina wanda ke kallon dukan jiragen a allon rada ya fi cancanta a saurare shi.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. A can sama inda manyan jirage ke tafiya, ana barin ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa, ko kuma mil 5 na teku idan tsayinsu ɗaya ne, wanda ake ragewa zuwa mil 3 a kusa da filayen jirage. Hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama a Amurka tana lissafa abin a matsayin kusan karo idan tazarar ta gaza ƙafa 500.

Game da tambayarka ta biyu, Malam, na'urar ake bi, kuma sai da aka yi asarar rayuka wannan doka ta zauna daram. Wannan na'urar gargaɗin karo, wadda ake kira TCAS, tana fara sanar da matuƙi cewa akwai jirgi kusa, idan kuma lamarin ya ƙazanta, daƙiƙoƙi 15 zuwa 35 kafin haɗuwa, sai na'urorin jiragen biyu su daidaita a tsakaninsu, ɗaya ta ce hau, ɗaya ta ce sauko. Jami'in ƙasa ba ya jin wannan yarjejeniya. A daren 1 ga Yulin 2002, a saman garin Überlingen na kudancin Jamus, na'ura ta umarci jirgin Rasha ƙirar Tu-154 ya hau, jami'in da ke birnin Zurik na ƙasar Suwizalan kuma ya ce ya sauko. Matuƙan suka bi jami'in, alhali jirgin dakon kaya na DHL shi ma yana saukowa bisa umarnin tasa na'urar. Jiragen biyu suka yi karo, mutum 71 suka rasu, akasarinsu yara 'yan makaranta.

Malama Mai Bibiya:
Bayanin Injiniya daidai ne, sai dai ina tsoron kada mai karatu ya ɗauka cewa na'urar ta kashe bakin matsalar. Ita kariya ce ta ƙarshe, kuma duk ranar da ta yi magana, to sauran matakan sun riga sun gaza. Tana da iyakarta. Ba ta ganin jirgin da na'urarsa mai sanar da sauran jirage inda yake ba ta aiki, kamar yadda ya faru a Barazil a 2006, inda ƙaramin jirgi ƙirar Legacy ya gogi Boeing 737 na kamfanin Gol a saman dajin Amazon, mutum 154 suka halaka. Haka kuma an tsara ta da gangan ta daina ba da umarnin hawa ko sauka idan jirgi ya yi ƙasa da kimanin ƙafa 1,000, don kada ta tura shi ya daki ƙasa, kuma a ƙasa da wannan tsayi ne jirgin fasinja ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu a birnin Washinton a Janairun 2025, aka rasa mutum 67.

Ko a Überlingen ɗin, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin da aka bar jami'in a ciki. Shi kaɗai ne yake kai-kawo tsakanin allo biyu, ana gyaran kayan aiki, layin wayarsa ba ya tafiya, har abokan aikinsa na Jamus da suka hango haɗarin suka yi ta kira ba su same shi ba. Hukumar da ta bar mutum ɗaya a wannan hali ita ce ta fara kuskure.

Mai Neman Sani:
Na gode muku ƙwarai. To, me ya sa ake ɗaukar kusan karo da muhimmanci haka, tunda babu wanda ya mutu?

Malama Mai Bibiya:
Saboda gargaɗi ne da ya zo kafin a yi asara. A Janairun 2001 jiragen Japan Airlines biyu ɗauke da mutum fiye da 600 sun kusa haɗuwa bayan wani jami'i ya rikita lambobinsu, kuma a nan ma matuƙi ya bi jami'in ya bar na'ura. Watanni 17 ne tsakanin wannan da Überlingen, amma ba a gyara dokar duniya cikin lokaci ba. Shi ya sa nake goyon bayan tsari irin wanda NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ke gudanarwa tun 1976, inda matuƙi ko jami'i zai kai rahoton kuskurensa a asirce, domin wanda ke tsoron kora ko kotu zai yi shiru ne, jami'i na gaba kuma ya faɗa cikin ramin da bai san da shi ba.