Neman shawara: ina son rubuta manhajar da za ta riƙa duba lafiyar fayiloli da kanta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shagon ɗaukar hoto da bidiyon biki, kuma aikin shekara 6 yana kan kwamfuta mai Ubuntu, faifai na terabait 4, tsarin ajiye fayiloli na ext4. Makon jiya wata Hajiya ta dawo neman bidiyon kamun 'yarta, na kunna, ya tsaya cak a tsakiya. Kwafin ajiyar ma haka, ashe tun kafin in yi kwafin bara ya lalace. Wallahi ban iya kallon idonta ba. Na ɗan iya Python, ina son rubuta abin da zan kira daga layin umarni, cron, mai tayar da aiki a lokacin da aka tsara, ya riƙa tashinsa. Wane hatimi, wato lambar da ake lissafawa daga abin da ke cikin fayil don gane ko ya sauya, zan yi amfani da shi, MD5 ko SHA-256? Kuma in sa shi ya riƙa kiran fsck, umarnin duba faifai da gyara shi, da kansa?

Amsa ta 1

Wa alaikumus salam. Malam, cire fsck daga lissafi. Ba a gyara da shi a kan faifan da ake aiki a kai, yana iya ƙara ɓarna. Kuma ginin faifan yake dubawa, ba cikin bidiyonka ba, domin ext4 ba ya ajiye hatimin abin da ke cikin fayil. Ɗauki SHA-256, yana cikin hashlib na Python. Ba lissafin ne zai ja maka lokaci ba, karatun faifan ne: a gudun megabait 150 cikin daƙiƙa, cikakken terabait 4 zai ci sama da awa 7. Raba aikin kashi 30, kullum kashi ɗaya, ka haɗa da ionice -c3, mai sa shi jira sai faifan ya samu sarari, don kada ya dame ka kana tace bidiyo.

Amsa ta 2

Ƙanena, na taɓa rubuta irinsa, ga inda na sha wuya. Ga kowane fayil ajiye abu huɗu a rumbun bayanai na SQLite: inda yake, girmansa, lokacin da aka sauya shi na ƙarshe, da hatimi. In lokaci ya sauya hatimi ya sauya, mai yiwuwa kai ka gyara shi. In lokaci da girma suna nan yadda suke amma hatimi ya sauya, to ka kama ɓarawon. A nan kada manhajar ta kuskura ta rubuta sabon hatimi kan tsohon, ta yi ƙara kawai ta bar maka hukunci. Sabuntawa ya zama umarni dabam da za ka buga da hannunka.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shiru. Wata rana faifaina na waje bai haɗu ba, tawa ta duba folda babu komai, ta ce lafiya lau. Don haka in ta ƙirga fayil sifili, ta ɗauke shi matsala. Lambar fita, wato lambar da manhaja ke bayarwa in ta gama, ta bambanta: 0 lafiya, 1 an ga ɓarna, 2 binciken bai kammala ba. Sannan saboda ɗauke wuta, ta riƙa adana sakamako bayan kowane fayil, in an kawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Gwada ta kuma da sunaye masu tazara da masu ƙ, ɗ, ɓ.

Amsa ta 3

Ni dai ina ganin gano ɓarna ba gyara ba ne. Btrfs da ZFS, wasu tsarin ajiye fayiloli irin ext4, suna da hatimi a jikinsu, umarnin scrub na bin faifan gaba ɗaya, kuma da faifai biyu masu kwafin juna sai su gyara da kansu. In ba za ka sauya ba, yi wa kowane biki par2, wato ƙarin fayilolin gyara ɓarna, na kashi 10 cikin 100 ranar da ka gama shi. Amma kafin komai buga smartctl -a, mai nuna lafiyar faifai, ka faɗa mana abin da layi mai lamba 5 (wuraren da faifan ya maye gurbinsu) da mai lamba 197 (wuraren da ya kasa karantawa) suka nuna.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na duba, Yaya: 5 sifili ne, 197 kuma 8.

Amsa ta 3

To ajiye rubuta manhaja tukuna. Wurare 8 ne faifan ya kasa karantawa. Sayo sabo yau, ka kwashe komai da ddrescue, manhajar ceto bayanai daga faifai mai matsala, sannan ka gwada shi da kwafin bara kafin ka lissafa hatimin farko, kada ka hatimce lalatacce.