Bakina yana bushewa, yawu ya ƙi zuwa

Jama'a, don Allah ku taimaka mini da shawara. Wata biyu ke nan bakina yake bushewa ƙayau. In na farka da asuba, harshena ya manne da ganɗa, loma kuma ba ta wucewa sai na kora da ruwa. Na ƙara shan ruwa, na rage kofi, shiru.

Abin da ke damuna, yawu ne ke wanke haƙora yana rage tsamin da ke cin su, kuma sinadarin amilas da ke cikinsa ne ke fara narkar da sitaci tun a baki. Lafiyayyen mutum kan samar da kusan lita 1 kullum.

Matsalar ta faro bayan na soma shan maganin atishawa. Shi ne sanadi, ko in je a gwada sukarina?