Me za mu kira AS da Hausa kafin Asabar?

Ɗan Bukuru: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan nuna wa wasu matasa a Jos yadda ake saita BGP (ƙa'idar da cibiyoyin intanet ke sanar da juna hanyoyi da ita) a kan rauta (na'urar da ke miƙa saƙonni daga wata cibiya zuwa wata), kuma da Hausa nake son takardar darasin. Na maƙale a kan AS (Autonomous System), wato tarin rautoci da ke ƙarƙashin hukuma ɗaya, da lamba guda wadda AFRINIC, hukumar rabon lambobin intanet, ke bayarwa a Afirka. Na sa "tsari mai cin gashin kansa", amma ya yi tsawo.

'Yar Garki: Masarauta. Kowace tana da ganuwa da ƙofa. A cikin gari OSPF, ƙa'idar cikin gida, ke raba hanya, a bakin ƙofa kuma BGP, inda rautarka ke gaisawa da ta maƙwabci ta TCP (ƙa'idar isar da saƙo a intanet), tasha ta 179. Jerin lambobin AS da sanarwar hanya ke ɗauke da shi ya zama "jerin masarautu". In rauta ta ga lambar gidansu a ciki sai ta ƙi karɓa, don kada saƙo ya yi ta zagaye.

Malam Na-Dilimi: Tsaya tukuna, 'yata. Mene ne "rauta"? Shekara nawa ina cewa madugu! Kakanninmu sun kai goro daga Gwanja har Kano, wa ya nuna musu hanya?

'Yar Garki: Allah ya gafarta Malam, madugu da ayari yake tafiya har ƙarshe. Ita rauta ba ta motsi, miƙa kaya take yi ga ta gaba. Ta fi kama da zango.

Malam Na-Dilimi: Ku na Abuja komai sai kun ara. Gobe ku ce Hausa ba ta iya kimiyya ba.

Bakano: Ai na Jos ba su ne za su yanke mana hukuncin Hausa ba.

Malam Na-Dilimi: A nan aka haifi mahaifina, kuma da Hausar nan aka yi cinikin kuza. Ba mai ba ni izinin harshena.

Ɗan Bukuru: Don Allah a dawo. Abin da nake so yaran su gane shi ne BGP yarda yake da abin da maƙwabci ya faɗa. A Nuwamban 2018 kuskuren saiti a MainOne, kamfanin intanet na Legas, ya karkatar da hanyoyin Google zuwa Sin fiye da awa guda. Masarauta ta yi shelar hanyar da bai kamata ta yi ba. Wannan zai zauna musu a kai. Sai dai a Jos kalmar masarauta tana da nauyi, ina tsoron ta janye hankalin aji.

Bakano: To ka ce gunduma.

'Yar Garki: Gunduma a ƙarƙashin wani take. AS ba ta da hakimi a samanta.

Ɗan Bukuru: Na ɗauki masarauta don Asabar. Rauta ta zauna, don ita ake faɗi a wurin aiki. Madugu zan ambace shi da baki, Malam.

Malam Na-Dilimi: Masarautar ba laifi. Rautar ce ban yarda ba, kuma ka gaya musu haka.